Tamale: Me Ya Sa 'Ya'yanmu Ba Su Iya Siffanta Kaya A Rubuce Ba?

Duk wanda ya taɓa ɗora kaya a mota daga kasuwar Aboabo da ke Tamale zuwa Bawku ko Paga ko Techiman, ya san irin tashin hankalin da ake shiga a ranar da aka wayi gari buhu ɗaya ya yi ɓatan dabo. Direba zai ce ya sauke, yaron mota zai rantse bai gani ba, su kuwa shugabannin tasha abu ɗaya za su tambaya, wato yaya buhun yake? A nan ne mai kaya zai juya ga ɗansa da ke aji shida na firamare, wanda ake ta kashe wa kuɗin littattafai da rigar makaranta, ya ce masa ya ɗauki biro ya rubuta kamannin buhun domin a kai wa 'yan tasha. Yaro zai yi ta juya biro a hannu, daga ƙarshe ya rubuta cewa buhu ne babba, mai kyau, kuma akwai kaya a ciki. To, a tashar da ake sauke ɗaruruwan buhuna a yini, wane buhu ne ba babba ba, wanne ne kuma babu kaya a cikinsa?

Abin mamaki shi ne, da za a ajiye biron a tambayi yaron nan da baki, da Hausar da yake yi a gida, nan take zai ce tsohon buhun shinkafa ne aka zuba gyaɗa a ciki, an ɗinke bakinsa da jan zare, kusurwa ɗaya ta yage an yi mata faci, sannan Baba ya shafa masa shuɗin fenti a gefe. Ke nan yaron ya gani, ya kuma riƙe abin da ya gani. Inda aka samu tangarɗa shi ne tsakanin idonsa da takarda. Wannan fasaha ta kwashe abin da ido ya gani a zuba shi a rubuce, ta yadda wanda bai gani ba zai gane abin da zarar ya ci karo da shi, ita ce malaman makaranta ke kira insha'in siffantawa, kuma ita ce za mu duba a wannan makon, ganin cewa ta shafi aljihunmu kamar yadda ta shafi jarrabawar 'ya'yanmu.

Ga wanda bai sani ba, wannan darasi yana cikin manhajar makarantun firamare na ƙasar Gana. A watan Satumba na 2019 ne aka fara aiki da sabuwar manhaja wadda hukumar tsara manhaja ta ƙasa, NaCCA, ta fitar, inda aka kasa koyon rubutu gida-gida: akwai ba da labari, akwai siffantawa, akwai rubutun jan ra'ayi, akwai kuma rubutun wasiƙa. Haka nan idan yaro ya kai ga jarrabawar kammala ƙaramar sakandare, wato BECE, wadda hukumar WAEC ke shiryawa tun 1990, dole ya rubuta insha'i a takardar Turanci. Saboda haka a kan takarda dai an tanadi komai. Tambayar ita ce, me ya sa yaranmu da yawa suke gama aji shida ba su iya siffanta ko da ragon gidansu ba?

Gadon da muka taras

Kafin mu amsa, ya kamata mu tuna cewa wannan fasaha ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Kimanin kilomita 120 kudu maso gabas da Tamale akwai garin Salaga, wanda a ƙarni na 19 shi ne matattarar fataken Gwanja da ke zuwa daga Kano da Katsina da Sakkwato da jakunansu domin sayen goro. A cikin 'ya'yan waɗannan fatake ne aka samu Alhaji Umaru, wanda aka fi sani da Alhaji Umaru na Kete-Krachi ko Imam Imoru. An haife shi a Kano wajen 1858, mahaifinsa Bakabe ne mai fataucin goro, ya kuma zauna a Salaga har yaƙin basasar 1892 ya watsa garin, daga baya ya koma Kete-Krachi inda ya zama limami, ya rasu a 1934.

Abin da ya kamata ɗan kasuwa ya lura da shi game da wannan bawan Allah abu biyu ne. Na farko, aikinsa na fari da aka sani, wanda ya rubuta da Larabci wajen 1877 yana saurayi, littafi ne na koyar da yadda ake rubuta wasiƙa. Ɗan fatake ne, ya san cewa mutumin da ke Kano yana bukatar ya aika wa wakilinsa da ke tafiyar watanni daga gida da saƙon da ba za a yi masa fassara biyu ba. Na biyu, a lokacin da Kete-Krachi ke hannun Jamusawa, ya rubuta wa jami'insu Adam Mischlich dogayen bayanai da Hausa cikin ajami, inda ya siffanta ƙasar Hausa da nomanta da sana'o'inta da kasuwancinta da zamantakewar mutanenta. Bayanan sun yi ingancin da a 1973 wani masani mai suna Douglas Ferguson ya gina digirinsa na uku a kansu a jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles ta Amurka, sannan a 2000 wani masanin Hausa ɗan ƙasar Poland, Stanisław Piłaszewicz, ya buga wasu daga cikin rubuce-rubucen a littafi. Mutanen da ba su taɓa taka kasuwar Kurmi ta wancan zamani ba sun iya ganinta ta bakin alƙalaminsa. Wannan shi ne siffantawa, kuma ɗan zango ne ya yi shi.

Inda gizo ke saƙar

Idan muka dawo zamaninmu, matsala ta farko ita ce yaro ba zai rubuta abin da bai iya karantawa ba. A 2013 hukumar ilimi ta Gana, GES, tare da tallafin hukumar USAID ta Amurka, ta gwada karatun yaran aji biyu na firamare a faɗin ƙasar, da Turanci da kuma harsunan gida. Sakamakon ya nuna cewa waɗanda ke karatu ba tare da gargada ba, suna kuma fahimtar abin da suka karanta, ba su wuce kashi 2 cikin 100 ba. Da aka maimaita gwajin a 2015 ba a ga wani canjin a zo a gani ba. Ƙidayar jama'a ta 2021 kuma ta nuna cewa kashi 69.8 cikin 100 na 'yan ƙasar masu shekara 6 zuwa sama ne suka iya karatu da rubutu, amma a Jihar Arewa da Tamale ke hedkwatarta adadin bai kai rabi ba, a Jihar Savannah kuwa, inda Salaga ta faɗa bayan ƙirƙiro sababbin jihohi a 2019, ya tsaya a kashi 32.8.

Matsala ta biyu ita ce ta harshe, kuma a nan ne ɗan zango ya fi kowa ɗaukar kaya. Yaron da aka haifa a gidan Hausawa a Tamale yana tashi da Hausa a gida, ya fita waje ya yi wasa da Dagbanci, da yamma ya je makarantar allo ya yi Larabci, da safe kuma a bukaci ya yi tunani da Turanci. Idan mahaifinsa na ƙetarawa Burkina Faso ko Togo, ga Faransanci nan yana jiransa a bakin iyaka. Manufar gwamnati a kan harshen koyarwa ita ma ta yi ta kai da komo. A 2002 an ce a koyar da Turanci zalla tun daga aji ɗaya. Bayan 'yan shekaru aka janye, har a 2009 aka ƙaddamar da shirin NALAP wanda ya tanadi koyar da karatu da harsunan gida 11 daga ajin renon yara zuwa aji uku. A watan Oktoba na 2025 Ministan Ilimi Haruna Iddrisu, wanda ke wakiltar Tamale ta Kudu a majalisar dokoki tun 2005, ya umarci hukumar GES da ta tabbatar ana koyarwa da harshen uwa, daga baya ma'aikatarsa ta yi bayanin cewa umarnin ya shafi ajin renon yara ne zuwa aji uku.

Sai dai kuma a cikin harsunan nan 11 akwai Dagbanci, akwai Gwanjanci, akwai Dagare da Kasem, amma babu Hausa, duk da cewa gidan rediyon gwamnati, GBC, ya daɗe yana watsa shirye-shirye da ita, kuma da ita ake ciniki a zangunan ƙasar daga Bawku har Akara. Ma'anar wannan ita ce, harshen da ɗanmu ya fi yawan kalmomi a cikinsa, wanda da shi yake bambance ɗaci da bauri, shi ne wanda yake ajiyewa a bakin ƙofar aji.

Matsala ta uku ita ce karatun aku. A ajin da yara suka cika maƙil, malami ɗaya ba ya iya duba littafin kowa, don haka hanya mafi sauƙi ita ce ya rubuta insha'i guda a allo, a kan “ni kaina” ko “babban abokina” ko “makarantarmu”, yara su kwafa su haddace. Shi ya sa za ka ɗauki littattafan yara goma ka taras dukkansu abokinsu dogo ne, wankan tarwaɗa, mai son shinkafa da ƙwallon ƙafa. Yaron da aka saba masa da haka ya koyi cewa rubutu abu ne da ake ɗaukowa daga allo. Ranar da aka ce ya siffanta buhun da babu shi a allo, sai ya tsaya cik.

Darasi daga cikin garin nan

Ba sai mun je wata uwa duniya ba kafin mu ga cewa akwai mafita. A 1995 aka kafa ƙungiyar School for Life a Tamale, da haɗin gwiwar wasu ƙungiyoyin raya karkara na yankin da abokan hulɗarsu na ƙasar Denmark, domin yaran da ba su samu shiga makaranta ba, masu shekara 8 zuwa 14. Tsarin nasu mai sauƙi ne. Yara 25 a aji, karatu da rana bayan an taimaka wa iyaye da aikin gona ko kiwo, malami ɗan garin ne mai jin harshen yaran, darussan kuma an gina su a kan abubuwan da yaro ke gani kullum, kamar dabbobi da jikin ɗan Adam da tsafta da muhalli. Cikin wata 9 yaro yakan iya karatu da rubutu da harshensa, daga nan a sa shi a makarantar gwamnati. Nasarar tsarin ce ta sa a 2013 gwamnati ta ɗauke shi ta faɗaɗa shi zuwa wasu jihohi a ƙarƙashin shirin da aka kira CBE.

Abin da za mu ɗauka a nan shi ne, yaro yana saurin rubuta abin da ya sani da harshen da ya sani. Wanda ya fara da saniyar da yake kora kiwo, ya fi saurin kama alƙalami a kan wanda aka fara masa da dusar ƙanƙarar da bai taɓa gani ba. Tamale kuma ba ta rasa inda za a horar da malamai a kan wannan ba, domin a nan ne kwalejin horon malamai ta Bagabaga take tun 1944, ga kuma Jami'ar Nazarin Ci Gaba, UDS, da aka kafa a 1992. Haka nan makarantun da ke haɗa Larabci da boko, irin su Anbariyya da marigayi Afa Ajura ya kafa, sun samu gurbi a tsarin gwamnati tun bayan da aka buɗe sashen ilimin Musulunci a ƙarƙashin GES a 1987, kuma a irin waɗannan makarantu ne 'ya'yan 'yan kasuwa da dama suke.

Yadda darasin ya kamata ya tafi

Koyar da siffantawa ba ya bukatar kwamfuta ko littafi mai tsada. Matakin farko shi ne a kawo abin a gaban yaro. Malami ya shigo aji da doya guda, ko goro, ko tsohon takalmi, ko rigar saƙi irin wadda ake saƙawa a Daboya, ya bar yara su taɓa, su sansana, su ɗaga su ji nauyi. Mataki na biyu, a yi magana kafin a yi rubutu. A tambayi yara me ido ya gani, me hannu ya ji, me hanci ya shaƙa, me kunne ya ji da aka ƙwanƙwasa, in abin ci ne kuma me harshe ya ɗanɗana. A bar kowane yaro ya faɗa da harshen da ya zo masa, Hausa ko Dagbanci, sannan a taru a nemo kalmar Turancin a rubuta a allo. Abin da za a rubuta a allon kalmomi ne zalla, jimlolin kuwa kowane yaro ya gina nasa.

Mataki na uku shi ne tsari. Mai siffantawa yana farawa da abin da za a hango daga nesa, wato iri da girma da launi, sannan ya matso ga abin da sai an zo kusa za a gani, ya ƙare da alamar da ta raba wannan abu da 'yan'uwansa. Mataki na huɗu shi ne awo da kwatance. Kalmomi irin su babba da ƙarami da mai kyau ba sa kai mutum ko'ina, sai an ce girmansa ya kai kaza, ko ya yi kama da kaza. Mu ɗauki misalin rago. Yaron da bai samu horo ba zai rubuta: “Ragonmu ya ɓata. Fari ne. Yana da kyau ƙwarai.” Wanda ya samu horo kuwa zai rubuta: “Ragonmu balami ne fari, tsayinsa ya kai ƙugun babban mutum. Tsinin ƙahonsa na hagu ya karye. Akwai baƙin tabo kamar faɗin tafin hannu a wuyansa ta dama. Yana ɗingishi da ƙafar baya, kuma da shuɗiyar igiya a wuyansa.” Da takarda ta farko za a wuni a kara ba a samu komai ba. Da ta biyu ko baƙon da ya sauka yau zai iya nuna ragon.

Mataki na biyar shi ne gwaji, kuma shi ne maganin yawan yara a aji. A zube takalman yara goma a tsakar aji, ko a tara albasa goma a kan tebur, kowane yaro ya zaɓi ɗaya a zuciyarsa ya siffanta a rubuce ba tare da ya nuna ba, sannan ya miƙa wa abokinsa takardar ya je ya ɗauko. In abokin ya ɗauko daidai, rubutu ya yi. In ya ɗauko wani daban, sai marubucin ya koma ya duba abin da ya bari, ya gyara. Ta haka yara ke duba aikin juna, malami kuma ya huta da jan biro a kan littafi saba'in. Abin da ya fi muhimmanci, yaron zai gane cewa ana rubutu ne domin wani ya fahimta, kuma gyara ba abin kunya ba ne.

Rumfa ma aji ce

A nan ne mu 'yan kasuwa muka fi malamin makaranta kayan aiki, domin babu inda ake siffanta abu da ƙwarewa kamar kasuwa. Ku saurari dillalin goro. Ba zai taɓa ce maka goro ne mai kyau ya yi shiru ba. Zai gaya maka fari ne ko ja, marsa ne manya ko minu ƙanana, sabo ne ko daushe, ko akwai sankara a ciki, ƙwarya nawa ce a huhun. Mai doya zai raba maka pona da laribako tun daga fatar. Mai albasa yana ɗaga guda ya san ta bushe za ta jure tafiya daga Galmi ta Nijar har kudancin Gana, ko kuwa tana da ruwa za ta ruɓe a hanya. Matar da ke sayen man kaɗe tana lakato shi da yatsa ta san ko an cuɗa shi da wani abu. Duk wannan ilimin siffantawa ne, sai dai a baki yake.

Harshen namu kuma ya wadata da kayan wannan aiki. Muna da ja wur da fari fat da baƙi ƙirin da kore shar, irin kalmomin da masana nahawu ke kira amsa-kama. A ɗanɗano muna da zaƙi da ɗaci da tsami da bauri da gardi da yaji. A wari muna raba ƙauri da ƙarni da hamami da ɗoyi. A taɓi muna da santsi da kaushi da laushi da yauƙi da danƙo. Yaron da ya mallaki waɗannan a harshensa, ya riga ya san cewa akwai bambanci, abin da ya rage kawai a ba shi sunan bambancin da Turanci ko Faransanci. Wanda bai san bambancin ba kuwa, ko an haddasa masa ƙamus ba zai san inda zai sa kalmar ba. Ai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Ai akwai waya

Mun san wani zai ce wannan duk ɓata lokaci ne, tun da yanzu hoto ake ɗauka a tura ta WhatsApp, ko a danna a yi magana a aika. Gaskiya ne waya ta rage wahala, amma mu tambayi kanmu, sau nawa aka turo mana hoton kaya, da kayan suka iso muka ga ba su ba ne? Hoto ba ya nuna nauyi, ba ya nuna danshi, ba ya nuna wari, launin atamfa ma yakan canja daga wannan waya zuwa waccan. Saƙon murya kuma wanda bai iya siffantawa da biro ba, sau da yawa a can ma kame-kame zai yi, ya cika minti uku bai faɗi yadi nawa ba.

Bugu da ƙari, akwai wuraren da ba a karɓar murya. Tun 2020 kwastan na Gana suke aiki da tsarin kwamfuta da ake kira ICUMS, inda ake shigar da bayanin kaya a rubuce, kuma a kan wannan bayani ake yanke kuɗin fito. Idan abin da aka rubuta ya saɓa da abin da aka buɗe aka gani, mota ce za ta kwana a bakin iyaka, wanda ke ɗauke da tumatir ko albasa kuwa ya san abin da kwana biyu a rana ke nufi. Takardar rakiyar kaya, rasit, bayanin da ake bayarwa a ofishin 'yan sanda idan an yi sata, takardar yarjejeniya tsakanin mai kaya da dillali, duk siffantawa ce a rubuce. Wanda ba shi da mai rubuta masa a gida, dole ya biya wani a waje, ya kuma sa hannu a kan abin da bai san me aka rubuta ba.

Akwai ma abin da ya fi kaya. Allah Ya kiyaye, idan ƙaramin yaro ya ɓace a cunkoson kasuwa ko ranar Salla, cigiyar da za a kai gidan rediyo ko masallaci siffantawa ce: shekarunsa, tsayinsa, launin fatarsa, ko yana da zane a fuska, rigar da ke jikinsa, harshen da yake ji, sunan da yake amsawa. A irin wannan rana iyaye a ruɗe suke, yayar yaron da ke aji biyar ce za ta iya zama mai ceto, in har an koya mata ta lura, ta kuma rubuta.

Abin da ya rage gare mu

Ba za mu ce sai gwamnati ta rage yawan yara a aji ko ta sa Hausa a manhaja kafin mu motsa ba, ko da yake duka biyun abubuwa ne da ya kamata sarakunan zango da ƙungiyoyin 'yan kasuwa su riƙa tayar da maganarsu a inda ya dace. Akwai abin da kowannenmu zai iya farawa daga yau. A saya wa yaro littafin rubutu guda a ajiye a rumfa. Duk ranar da ya zo taya ciniki, a ba shi abu ɗaya daga cikin kayan, a ce ya rubuta jimla biyar a kansa, da kowane harshe ya fi iyawa, da boko ko da ajami. Uban da bai iya karatu ba ma zai iya zama alƙali, ya ce wa yaron ya karanta masa, in ya ji an bar wani abu ya ce a koma a duba. Ai shi ya san kayan.

Idan kaya suka iso, a sa yaro ya rubuta yadda suka zo: buhu nawa, wanne ya jiƙe, wanne ya yage. Idan za a aika saƙo ga abokin ciniki a Kumasi ko Wagadugu, a bar shi ya fara tsarawa kafin a gyara masa. A riƙa duba littafin insha'insa na makaranta, in an ga daidai yake da na ɗan maƙwabci kalma da kalma, a je taron iyaye da malamai a yi magana cikin mutunci. Kada kuma a bar 'ya'ya mata a baya. Yarinyar da ke taya uwarta sayar da koko da ƙosai ko wake da shinkafa tana da abin siffantawa fiye da kima, kuma ita ce gobe za ta riƙe littafin bashi da na adashi.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Alhaji Umaru ɗan fatake ne kamar 'ya'yanmu, a cikin huhunan goro ya tashi, amma da yake an koya masa ya dubi abu da kyau ya kuma rubuta abin da ya gani, ga shi fiye da shekara 90 da rasuwarsa ana karanta shi a jami'o'in duniya. Ba mu ce kowane yaro zai kai nan ba. In dai ya kai matsayin da zai rubuta kamannin buhun ubansa har a gano shi a tasha, kuɗin makaranta bai faɗi a banza ba. Allah Ya yi wa zuri'armu albarka, Ya kuma ba mu kasuwa mai amfani.